Bel ɗin da Lemet Ya Aika Maze

Stavanger, tsakiyar Janairu, 1989

Zuwa ga ƙanwata Risten,

Salamar Allah ta tabbata gare ki da duk wanda ke ƙarƙashin rufinki. Ina gaida Baba. Ina gaida mijinki Ovlla, in ya sauko daga wurin garken bareyin ƙanƙara da kuke kiwo. Ni lafiyata ƙalau, in dai wannan ake kira lafiya: ruwan sama bai ɗauke ba tun da na dawo, ni kuma kullum ina durƙushe ina walda a cikin jirgin da ba zan taɓa hawa ba.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Bel ɗin babur ɗin ƙanƙara na Baba, wanda yake tafiya a kansa maimakon taya, ya mutu, kowa a gidan nan ya sani, kowa kuma ya kama bakinsa.

Da na zo Kirsimeti na kwantar da babur ɗin a gefe na haska shi da tocila. Haƙoran robar da ke cizon ƙanƙara, waɗanda ba su gutsure ba sun siɗe kamar dasashin tsohuwa. Gefen hagu ya zaizaye, zaren ciki ya fito buzu-buzu. Akwai tsagar da na tura yatsana har gaɓa. Bel ba shi da wa'adin da aka yanka masa. Na ga wanda sanyi biyu ya gama da shi don mai shi yana bin tsakuwa, na ga wanda ya kai takwas a hannun mai tattali. Amma da zarar zare ya leƙo, magana ta ƙare. Wannan kuwa tun shekarar da Inna ta rasu yake juyawa, ya sha duwatsu a lokacin narkewar ƙanƙara, kuma duk rani a rana kuke yashe shi ko tamfol babu.

Na yi wa Baba magana irin tamu ta hannunka-mai-sanda. Na ce bel ɗin nan ya ga duniya. Ko sunkuyawa bai yi ya duba ba, shafa shi kawai ya yi kamar mai shafa kan kare, ya ce shi ma ya ga duniya, ba a kuma yar da shi ba. Daga nan ya tambaye ni ko har yanzu mutanen kudu suna shan kofin nan nasu mai kama da ruwan ɗauraye tukunya. Da haka aka rufe zance.

Bayan bikin Ista bareyi za su tashi zuwa bakin teku, kin kuma san Baba ba a bayan garke yake tafiya ba. In bel ya tsinke a bayan gida, mutum ya tako da ƙafa ya sha dariya. In ya tsinke a kan tsauni cikin iska, da tsoho a kai, sai dai a nemo shi bayan ƙanƙara ta narke.

Na san ba ni da ta cewa. Ke ce auta, gida da garke da tsoho duk naki ne, haka muka tarar. Ban ja da kowa ba, na tattara komatsaina na yi kudu. Amma uban ai ba a raba shi a gado ba. Ki sa Ovlla ya canza bel ɗin. Aikin yini guda ne ga mai hannu, ko da yake ban san me zan sa rai da shi ba daga mutumin da ya iya banke babur ɗin surukinsa a fili fetal, inda ko itace ɗaya babu. Duk gidan da na shiga a Maze labarin da ake dariya ke nan.

Ki rubuto. Allah ya kiyaye ku.

Yayanki,
Lemet

*

Maze, farkon Fabrairu

Yaya Lemet,

Salamar Allah gare ka kai ma. Wasiƙarka ta iso, mun gode da gaisuwa, da kuma abin da ya biyo bayan gaisuwar. Rana ta dawo mana bayan dogon duhun sanyi, ta leƙo kan tudu kamar baƙuwa mai kunya ta koma. Ƙanƙarar bana mai laushi ce, bareyi suna tono abinci a ƙarƙashinta ba wahala, har sun yi ƙiba. Na sa maka busasshen nama a kwalin nan, na haƙarƙari, irin wanda kake so. Kada ka raba wa abokan aikinka, ba su san daɗinsa ba.

Baba yana nan daram. Da safe sai ya je wurin Piera mai kanti ya sha kofi, ya dawo ya zauna yana gyaran linzami. Na karanta masa gaisuwarka, sauran kuma na karanta wa kaina. Ovlla ya ce in gaya maka ya ji, kuma mai walda a ƙasan jirgi ya fi kowa sanin tuƙi a kan tsauni.

Maganar bel, Yaya, bel yana juyawa. Baba ya san babur ɗinsa. Daga gida zuwa kanti, daga kanti zuwa coci, ba sai da sababbin haƙora ba. Ya ma tambayi Piera, Piera ya ce irin wannan babu shi, masu yin sa sun daina, amma zai sa ido. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ka bar mu da yoyonmu, kai ka ji da ruwan samanka.

Ka sami mata kuwa? Ko har yanzu bangon ɗaki kake yi wa faɗa?

Ƙanwarka,
Risten

*

Stavanger, ƙarshen Fabrairu

Risten,

Salama. Naman ya iso, na gode, ni kaɗai na ci. Na tambaye ki bel, kin ba ni labarin rana da ƙibar bareyi. Shekara goma sha wani abu ina zaune cikin mutanen da in rufinka ya kama wuta za su ce maka rufinka ya kama wuta. Ba na son su, amma wannan halin nasu ya fi namu. Mu sai a zauna a sha kofi a ce hayaƙin yau ya ɗan yi yawa.

Piera maƙaryaci ne, ko kuma malalaci, ki zaɓar masa. Na shiga rumfar waya a bakin tasha na kira wani kanti a Alta. Yarinyar da ta ɗauka ko numfashi ba ta ja ba ta ce akwai, daidai da injin Baba, a jingine a bango. Alta fa, Risten, nan kusa da hancinku. Abin da na gano ina tsaye cikin ruwan sama a ɗaya ƙarshen ƙasa, ku kun kasa ganowa kuna zaune a kansa.

Na saya. Na ce su ɗora shi a motar gidan waya, su rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe a jikin ƙunshin, don kada wani ya yi kuskure ya ɗaura shi a nasa babur ɗin. Ba na zargin kowa. Na dai san nasa ma ba sabo ba ne.

In an ɗaura, kada a ɗame shi kamar ganga, kada kuma a bar shi sako-sako har haƙoran ƙarfe su riƙa tsallake shi. A ɗan zagaya da shi a sake dubawa, sabon bel yana miƙewa. Ovlla ya san wannan, ba zan tauye masa ba, hannunsa a kan inji ya fi bakinsa.

Ba godiya nake nema ba. So nake in kwanta ban ga tsohon nan a zaune kan mataccen babur a tsakiyar farar ƙanƙara ba.

Yayanki,
Lemet

*

Maze, bayan Ista

Yaya,

Salamar Allah, don Inna ta koya mana a fara da ita ko da rai a ɓace yake.

Saƙonka ya iso. Ya yi ta yawo a hanya, bai tashi isowa ba sai ranar Asabar ɗin Ista, lokacin da duk wanda ke da hula a ƙasar nan yana tsaye a bakin kantin Piera. Direba ya sauke shi, ya karanta sunan da ƙarfi har sau biyu. Mutane suka kalli juna. Na ga Piera ya juya ya shige ciki.

Tunda ka ce ka fi son a ce maka wuta, to ga wuta. Baba ba ya gani. Ba duka ba, yana ganin gefe-gefe, yana ganin duhu da haske, amma tsakiyar abin da ya kalla babu. Tun bara ne. Na kai shi wurin likita a Alta, likita ya ce ba irin wanda ake wankewa ba ne. Da muka fito Baba ya ce yaron nan ko gemu bai yi ba, ya ce mu je mu sayi sukari. Daga ranar bai sake ta da maganar ba, mu ma ba mu tayar ba. Ka zo Kirsimeti ka haska ƙarƙashin babur da tocila, ba ka haska fuskar mai babur ba.

Karon da kake yi wa Ovlla dariya, ranar farin hazo ce, sama da ƙasa sun zama abu ɗaya. Baba ya miƙe sak ya nufi gaɓar da ke saman kogi, yana tsammanin fili ne. Ovlla ya yi ihu, ƙarar inji ta cinye. Shi ne ya yanko ta gefe ya banke shi. Ƙafar Ovlla ta yi wata guda ba ta shiga takalmi. Da suka sauko, Baba ya ce surukinsa bai iya tuƙi ba, Ovlla ya ce gaskiya ne, hannunsa ne ya kuɓuce. Ya bar gari yana yi masa dariya har yau.

Bayan haka Baba da kansa ya fara cewa bel ɗinsa ya gaji. Duk mako sai ya shiga kanti, ya jira mutane su taru, ya ɗaga murya ya ce, "Piera, bel ɗina ya zo?" Piera ya ce bai zo ba. Baba ya zagi masu yin inji, ya ce to bana dole ya bi mota ta hanyar kwalta da mata da kaya, tunda ba mahaukaci ba ne da zai hau tsauni a kan wannan tsumma. Kowa ya ce gaskiya ne, asara ce, wa zai ja gaba in ba shi ba. Babu wanda ya shirya wannan da wani, Yaya. Ba mu taɓa zama mun ce ga yadda za a yi ba. Kowa ya gane, kowa ya riƙe gefensa. Tsohon bel ɗin nan shi ne ya bar masa girmansa.

Yanzu ga sabo a gaban duk Maze, da sunansa a jiki. Wani baƙo ɗan Karasjok da bai san komai ba har ya tafa masa kafaɗa ya ce yanzu kam sai tsauni. Baba ya shafa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ɗana ya aiko. Ba a mayar da hannun kyauta baya."

Shi ya ɗaura da kansa, da laluben hannu, ya hana Ovlla taɓawa. Kuma daidai ya ɗaura, ba ɗame ba sako. Jiya ya ce in duba masa takalmansa na tafiya, shi zai ja gaba kamar kullum.

Ovlla ya ce zai iya zare wani abu a injin. Na ce a'a. Baba zai gane kafin kofi ya huce, kuma daga ranar ya zama yaron da ake ɓoye wa wuƙa. Ni ba zan iya buɗe baki in ce masa makaho ba. Kai da ka koyi faɗin gaskiya a kudu, sai ka gaya mana yadda za a yi.

Risten

*

Stavanger, farkon Afrilu

Ƙanwata,

Salamar Allah gare ki. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Bari in fara da nawa haushin, don in ban fitar da shi ba zai hana ni tunani. Piera ya sani. Direban motar gidan waya ma ina jin ya sani. Duk karen da ke Maze ya sani. Ni da na fito daga cikinsa, ni aka bari da labarin ƙibar bareyi. Layi ɗaya ya isa, Risten. Za ki ce irin wannan ba a rubuta shi, gane shi ake yi. To mutum ya gane ta yaya daga nan? Kun manta cewa wanda ya yi nisa ba ya jin raɗa. Ko kuma ba ku manta ba, kun dai lissafa ni cikin baƙi, waɗanda ake ba kofi da nama a sallame su.

Wannan nawa ne. Ga naku kuma. Kin yi daidai, ni na ɓata. Ki ce wa Ovlla na janye maganar tuƙi. Ba zan iya rubuta masa da kaina ba, hannuna ba zai yarda ba, amma ki faɗa masa yadda na faɗa. Abin da ya yi a saman kogin ban tabbata ni zan iya ba, shirun da ya yi bayansa kuwa na tabbata ba zan iya ba.

Na yi ta rubuta wa Baba gaskiya tsirara ina yagawa. Ashe bakin kudu aro ne, da aka zo kan ubana ya ƙi aiki.

Na je wurin shugaban aikinmu na nemi hutu. Ya ce jirgi bai ƙare ba, in na tafi yanzu kada in wahalar da kaina da dawowa. Ya tambaye ni wai mutuwa aka yi. Na ce ba a yi ba tukuna. Bai gane ba, ban kuma tsaya yi masa bayani ba.

Kin san abin da na rantse ranar da na bar gida, cewa ƙafata ba za ta sake bin garken da ba nawa ba, balle a ƙarƙashin umarnin mijinki. Ban manta ba, ban kuma daina jin zafin ba, kada ki ɗauka na zama waliyyi. Zan zo. Ovlla ya ce dama in yi dama, ya ce hagu in yi hagu, har mu ga teku. Bayan nan kowa ya koma halinsa.

Ga wata takarda a ciki ta Baba. Ki karanta masa yadda take, kada ki ƙara gishiri, kada ki tsallake layi kamar yadda kika saba. In ya ƙi, ban san wata dabara ba.

Yayanki,
Lemet

*

Stavanger, farkon Afrilu

Zuwa ga Babana,

Salamar Allah ta tabbata a gare ka, Baba. Ina fatan sanyi ya yi maka sauƙi, gwiwa kuma ta bar damunka. Na ji saƙo ya iso, na ji kuma kai ka ɗaura da hannunka.

Baba, wata alfarma nake nema. Aikin nan ya ishe ni, ƙirjina ya cika da hayaƙin ƙarfe. Ina so in bi garke bana zuwa bakin teku. Sai dai ba ni da abin hawa, na Ovlla kuwa yana jan kaya. Ga shi na daɗe rabona da tuƙi, hannuna ya mutu, kuma abin kunya ne in faɗa, hanya ta ɓace mini. Na kwanta ina bin ta a kaina, da na wuce tafki na biyu sai in rasa ta ina ake sauka. In na bi bayan wani in koya, samari za su mayar da ni abin dariya har in mutu.

Shi ne na ce ko za ka bar ni in riƙe kan babur ɗinka, kai kana bayana kana gaya mini inda zan bi. Ba wanda ya san inda ƙanƙara ke ruɓewa a ƙarƙashi kamarka. In ka ga bai dace ba, babur naka ne, kai ka san abin da ya fi.

Ina gaishe ka da girmamawa.

Ɗanka,
Lemet

*

Maze, Afrilu

Lemet,

Salamar Allah. Da hannuna na rubuta. In layi ya karkace, teburin Risten ne ke rawa.

A gefen tafki na biyun nan uwarka ta haife ka, muna cikin tafiya. Tun kana goye kake bin hanyar. Wanda ya ce ya manta ta, ko dai kudu ta cinye masa ƙwaƙwalwa, ko kuma bai iya ƙarya ba. Ba ka taɓa iyawa ba.

Bel ɗin yana da kyau. Mai tsada ka saya, ba ka da wayo.

Ka zo kafin ƙanƙara ta fara jiƙa. Ranar tashi ni zan tuƙa, kai a baya, mu ratsa gaban kanti, mu haye kogi, har tudu ya rufe mu daga idon gari. Daga nan zan tsaya in gyara takalmina. In na ɗago na tarar da kai a gaba, ba zan ce komai ba.

Ubanka,
Heaika